'Yata tana so ta ajiye kimistiri ta ɗauki saikoloji, ku ba ni shawara

Maman Nana:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na zo da wata damuwa da ta hana ni barci kwana biyu. A Birmingham ta Ingila muke zaune, shekara tara ke nan. Babbar 'yata za ta zana jarrabawar GCSE, wadda ake yi a nan a wajen shekara 16, a watan Mayu da Yuni, kuma makaranta ta ba su takarda su zaɓi darussa uku da za su yi a shekaru biyun ƙarshe, wato A-level. Tun tana ƙarama muka sa rai likita za ta zama, ita ma haka take faɗa. Shirinmu shi ne bayoloji, kimistiri da lissafi. Shekaranjiya ta kawo takardar, sai na ga ta soke kimistiri ta rubuta saikoloji, wai ilimin halayyar ɗan Adam. Babanta ya ce sam bai yarda ba, karatun masu duba mahaukata ne, kuma ya ji ana cewa yana taɓa imanin mutum. Yarinya ta shige ɗaki, tun jiya ba ta ci abincin kirki ba. Ni a Kano na yi sakandare, ban taɓa ganin wannan darasi a jadawali ba, don haka ban san ta inda zan kama maganar ba. Wanda ya san abin don Allah ya fahimtar da ni. Mako biyu ya rage a mayar da takardar.

Baban Imam:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai ina bayan maigidanki. Lokacin da nake NCE an koyar da mu wani yanki na wannan ilimi, kuma har yau ban manta da Sigmund Freud ba. Mutumin da ya mayar da kusan komai na rayuwa ga sha'awa, ko alaƙar yaro da mahaifiyarsa bai ƙyale ba, sannan ya ce addini ruɗin kai ne. Mu da gemunmu muka ji wannan abin ya tsaya mana a rai, ina ga yarinya 'yar shekara 16 a ƙasar da ba ta Musulmi ba? Ki lallashe ta ta koma kan kimistirinta.

'Yar Zazzau:
Mama ina wuni. Ni na yi darasin nan, bara na gama, yanzu ina shekarar farko a jami'a. Baba, Allah ya ƙara girma, amma Freud ɗin bai fi karatun mako ɗaya ba a cikin shekara biyu da muka yi, kuma ba don a bi shi ake kawo shi ba. Ana kawo shi ne a auna shi. Mu da kanmu muka riƙa rubuta cewa yawancin abin da ya faɗa ba a iya gwada shi, kuma a kan mutane ƙalilan da ya gani a Vienna ya ɗora gininsa. A hukumar jarrabawar da makarantarmu ke bi, AQA, babbar tambaya maki 16 ce. Maki 6 ne kawai na bayyana ra'ayin masani, sauran 10 na tantance shi ne, ina ya dace, ina ya gaza, wane bincike ya ƙaryata shi. Wanda ya haddace ya zuba kawai ko rabi ba zai samu ba.

Takardu uku ake zanawa a ƙarshe, kowace awa biyu. Ta farko ta ƙunshi yadda jama'a ke juya ra'ayin mutum, tunawa da mantuwa, shaƙuwar jariri da mai renonsa, sai lalurori irin su ciwon damuwa, tsoro mai wuce kima da waswasi. Ta biyu akwai ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da sinadaran jiki, sai hanyoyin bincike. Wannan na ƙarshe shi ne yake kayar da mutane. Akwai lissafi a ciki, aƙalla kashi 10 cikin 100 na makin, ga jadawalin ƙididdiga, ga tsara gwaji. Ƙawayena da yawa sun shiga suna zaton za a koya musu karanta zuciyar mutum ko ba da shawara, da suka ga teburin lambobi wasu suka sauya darasi kafin hutun Disamba. Ki tambayi Nana ko ta san da wannan, Mama.

Anti Nas:
Yaya Maman Nana, ni jinya nake yi a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a Manchester, bari in raba miki abu biyu da mutanenmu ke haɗawa. Likitan ƙwaƙwalwa, wanda ke rubuta magani, cikakken likita ne. Sai ya gama karatun likitanci kamar kowa, ya yi shekara biyu na horon farko a asibiti, kana ya ɗauki wasu shekarun yana ƙwarewa. Masanin halayyar ɗan Adam kuma hanyarsa daban: digirin farko shekara uku, sai ya nemi gogewa a wurin aiki, sannan digirin dakta na wasu shekara uku in yana son duba marasa lafiya. Gurbin nan na ƙarshe NHS, hukumar lafiya ta ƙasar nan, ce ke biyan albashi, shi ya sa samunsa wuya gare shi, wasu sai sun nema sau biyu sau uku.

Ga inda nake so ki kula. Yawancin jami'o'in nan ba sa sharɗanta cewa sai ɗalibi ya yi saikoloji a A-level kafin su ɗauke shi ya karanta saikoloji. Amma makarantun likitanci da yawa suna neman kimistiri. Ke nan in ta riƙe kimistiri hanya biyu na buɗe mata, in ta sake shi ɗayar ta ƙuntata sosai. Me zai hana ta yi bayoloji, kimistiri da saikoloji, a bar lissafin? Mafi yawan makarantun likitanci ba su wajabta lissafi a wannan mataki ba. Ku buɗe shafin kowace jami'a da take sha'awa ku karanta sharuɗɗan da idonku, kada ku dogara da ji-ta-ji-ta, har da tawa.

Maman Nana:
Anti Nas Allah ya saka da alheri. Wallahi ni duk zatona ba a shiga likitanci sai da lissafi. Wannan ma wata mafita ce da zan kai wa babanta.

Malamin Gusau:
Ni abin da ke ba ni takaici daban ne. Shekara 19 ina koyarwa a sakandare, kuma babu wannan darasi a WAEC ko NECO. Yaro zai gama aji shida ya san sunan kowane ƙashi na ƙwarangwal, amma bai san me ya sa yake mance karatun da ya kwana yana yi ba. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kan kansa ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko take aukuwa, kuma maimaici da aka rarraba a kwanaki ya fi na zama ɗaya tasiri. Da ana koya wa ɗalibanmu wannan kaɗai, da kwanan zaune ana gobe jarrabawa ya ragu.

Sai gwajin Stanley Milgram a jami'ar Yale, farkon shekarun 1960. An kawo mutane 40, talakawan gari, aka ce su danna maɓallin da zai sa wa wani mutum wutar lantarki duk lokacin da ya ba da amsa ba daidai ba. Wutar ta ƙarya ce, mai ihun ɗan wasa ne, amma su ba su sani ba. Mutum 26 suka ci gaba har matakin ƙarshe na volt 450, saboda kawai wani mai rigar ɗakin bincike yana tsaye yana cewa su ci gaba. Ranar da na karanta wannan, makarantar kwana da na yi na tuna. Yaron da muka shigo aji ɗaya tare, mai sanyin hali, aka ba shi muƙamin shugaban ɗaki, cikin zango ɗaya ya zama mai sa ƙananan yara tsallen kwaɗo har su faɗi. In ka tambaye shi sai ya ce haka aka ce ya yi, haka shi ma aka yi masa. Ina ganin ɗan aji shida da ya zauna aka tattauna wannan gwaji da shi zai yi tunani kafin ya ɗaga bulala.

Baban Imam:
Malam, maganar maimaici ai ba sai Bajamushe ya gaya mana ba. Je tsangaya ka gani. Gardi ya wanke allo ya ɗora sabon karatu, amma kullum sai ya yi tilawar na baya, da asuba da dare. Alarammomi sun san in ka bar hadda kwana uku ba ka waiwaye ta ba, ta fara zamewa.

Malamin Gusau:
Gaskiya ne Malam, kuma wannan ya ƙara ƙarfafa magana ta. Yaron nan da ke tilawa kullum, in ya shiga ajin boko sai ya bar littafin bayoloji har mako ɗaya kafin jarrabawa, don ba wanda ya taɓa nuna masa cewa ƙwaƙwalwar ɗaya ce, ƙa'idar ma ɗaya ce.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaida kowa. A wajenmu a Nijar ba a yin saikoloji da sunansa a lise, wato babbar sakandare, amma a ajin ƙarshe kafin jarrabawar bak ta kammala sakandare ana yin falsafa, kuma a nan ne muka haɗu da Freud da batun abin da ke ɓoye a zuciya wanda mutum bai san da shi ba. Mu duka 'ya'yan Musulmi ne a ajin, malaminmu ma mai salla ne. Ban san ko ɗaya da ya bar addininsa saboda wannan ba. Abin da na gani shi ne mun koyi rubuta hujja da kishiyar hujja a takarda ɗaya, har yau ina cin moriyarsa. Baban Imam, in yaro yana da tushe daga gida, jin ra'ayin wani ba ya tumɓuke shi.

Injiniya:
Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa wa Malamin Gusau. Makarantun gwamnati nawa ne a Arewa ba su da ƙwararren malamin lissafi ko fiziks? A haka za a ƙara sabon darasi? Wa zai koyar? Abin da zai faru shi ne a miƙa wa malamin da ke da sarari a jadawali, ya cika allo da sunayen Turawa da shekaru, yara su haddace su zuba su manta. Abin da 'Yar Zazzau ta bayyana, maki 10 na tantancewa, shi ne ruhin darasin, kuma shi ne zai fara mutuwa a aji mai ɗalibai 90. Sannan Hajiya, ki duba batun abinci. Na san waɗanda suka karanta wannan fanni a gida Najeriya, ɗaya yana banki, ɗaya tana koyarwa a firamare. In akwai yiwuwar ku dawo gida wata rana, a sa wannan a ma'auni.

Malama daga Jos:
Assalamu alaikum. Na jima ina bibiya, fannina ne, a kansa nake digiri na biyu. Injiniya ya faɗi gaskiya kan aikin yi, ba zan ɓoye ba. Amma rashin guraben aiki ba rashin buƙata ba ne. Ku tuna gidajen mari da aka bankaɗo a Kaduna da Daura a 2019, mutane ɗaure da sarƙa. Iyaye da yawa da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ta sa su ba, rasa inda za su kai su suka yi. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kafin nan da dokar 1958 ake aiki. Asibitocin da ake da su irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri da Dawanau a Kano, ku kwatanta su da yawan al'ummar Arewa, ga shaye-shaye, ga waɗanda rikici ya raba da gidajensu.

Baban Imam, Allah ya gafarta Malam, ina so in ce wani abu kan cewa ilimin na Turawa ne. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya yi rubutu kan lafiyar jiki da ta rai tare. Ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya yi magana kan tsoro da fushi da waswasi, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake lafiya kamar yadda ake ajiye magani a gida. Farfesa Malik Badri na Sudan, Allah ya ji ƙansa, ya rasu a 2021, shi ya fito da aikin nan ga masu karatun zamani, kuma tun 1979 yake gargaɗin Musulmi masu wannan fanni kada su haɗiye Freud ba tauna. Damuwarka ke nan, Malam, kuma daga cikin fannin aka fara faɗar ta. A nan gida ma, Farfesa Adeoye Lambo a Aro ta Abeokuta, a shekarun 1950, ya zaunar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani, maimakon kulle su, har duniya ta zo koyo a wurinsa.

Inda ni nake da ƙorafi da manhajar da Nana za ta yi shi ne wannan: kusan duk binciken da ke cikin littafin a kan Turawa aka yi shi, galibi ma ɗaliban jami'o'in Amurka. Ɗauki batun shaƙuwar jariri. Gwajin Mary Ainsworth ya sa uwa da ɗanta a ɗaki, baƙuwa ta shigo, uwa ta fita, a ga yadda yaro zai yi. To a gidan Bahaushe fa, inda kaka ke goyo, kishiyar uwa ke ba da abinci, yayye ke wasa da shi, uwar kuma tana kunyar ɗan fari ko sunansa ba ta kira? Mai kallo daga waje zai iya cewa ba ta damu da shi ba, alhali mu mun san ba haka ba ne. A shekarun 1970 wasu masu bincike, cikinsu da Robert LeVine, sun nazarci jariran Hausawa, suka tarar yaro ɗaya yana shaƙuwa da masu reno fiye da ɗaya. Yarinyar da ta tashi tana ganin gida biyu, na Kano da na Birmingham, tana da idon da 'yan ajinta ba su da shi.

'Yar Zazzau:
Anti wallahi haka ne. Akwai babi guda a takarda ta uku kan son kai na al'ada a cikin bincike, kuma misalin kunyar ɗan fari na kawo wa malamarmu a aji, ta tsayar da darasi ta ce in sake bayani. An kuma gaya mana cewa a 2015 wasu masana sun sake maimaita gwaje-gwaje 100 da aka wallafa, waɗanda suka ba da sakamako irin na farko ba su kai rabi ba. Tun daga nan in aka turo mini saƙo a WhatsApp wai bincike ya nuna kaza, sai na tambaya mutum nawa aka gwada, su wane ne, wa ya sake gwadawa.

Baban Imam:
Malama na gode, ban san da al-Balkhi ba, zan nema. Amma har yanzu akwai abin da bai kwanta mini ba. Yarinya ta gama wannan karatu, ta dawo hutu ta ga ana yi wa wata ruƙya, ba za ta ce duk camfi ne ba? Mu mun yi imani da aljanu da sihiri da kambun baka, nassi ya zo da su.

Anti Nas:
Malam, ni ma na yi imani da su, kuma kullum ina aiki a cikin masu wannan lalura. Babu wanda ya hana ni azkar ɗina. Abin da aikin ya koya mini shi ne kada a tsaya a kan bayani ɗaya a bar mutum yana wahala. Na ga mace mai jego da ta daina barci, tana jin muryoyi, dangi suka yi wata biyu suna hayaƙi da tofi kafin a kawo ta. Da aka fara magani, cikin makonni ta dawo tana shayar da ɗanta. Mijinta bai daina yi mata addu'a a gefen gado ba, mu ma ba mu ce ya daina ba. In Nana ta zama wadda za ta ce a kai Anti asibiti kuma a ci gaba da addu'a, ni ban ga asara ba.

Injiniya:
Duk da haka ina nan kan bakata, kada a saki kimistiri.

Maman Nana:
'Yan'uwa na dawo, ku yi haƙuri da shirun kwana uku. Na bi shawarar Anti Nas, na kai wa Nana maganar a bar lissafi ta haɗa kimistiri da saikoloji. Ina zaton za ta yi murna, sai ta fashe da kuka. Ashe a jarrabawar gwaji ta watan jiya 5 ta samu a kimistiri (sakamakon nan daga 1 zuwa 9 ne, 9 ce mafi girma), makarantar kuma 7 take nema kafin ta bar ɗalibi ya ɗauke shi a A-level. Ta ɓoye sakamakon a cikin jakarta. Ta ce shekara biyu ke nan tana fama da darasin, tana zuwa ƙarin karatu da rana ba mu sani ba, mu muna zaton wasan ƙwallon raga take tsayawa. Ta ce tun tana 'yar shekara bakwai da ta faɗi kalmar likita ta ga yadda fuskar babanta ta yi haske, ba ta ƙara samun bakin cewa wani abu daban ba. Na tambaye ta ko gudun kimistiri ne kawai ya kai ta saikoloji, sai ta ɗauko mini littafin da ta aro a laburare tun Oktoba, duk ta cika shi da 'yan takardu masu alama. Ta san da lissafin da 'Yar Zazzau ta faɗa, ta ce shi ya sa ta riƙe lissafi a cikin ukun.

Jikina ya yi sanyi. Yarinya tana gida ɗaya da ni shekara biyu tana ɗauke da wannan ban gani ba.

Babanta bai ce ya yarda ba tukuna. Na karanta masa abin da Malama daga Jos ta rubuta da na Baban Imam duka, ya yi shiru, sannan ya ce zai bi mu makarantar ranar Alhamis ya ga malamar darasin da ta kimistirin, kuma yana so a ba shi littafin ya duba da kansa. Takardar tana nan kan tebur ba a sa hannu ba.

Anti Nas:
Ki tambayi malamar kimistirin gaskiya tsakaninta da Allah ko tana ganin 5 ɗin zai iya zama 7 kafin Mayu, kuma a yi tambayar Nana tana zaune a wurin.

'Yar Zazzau:
Mama, littattafaina biyu suna nan da duk takardun da na rubuta, ki turo mini adireshi ta akwatin sirri in aiko gobe. Ki ce wa Baba ya fara da babin tunawa da mantuwa, akwai gwajin Elizabeth Loftus na 1974 kan yadda sauya kalma ɗaya a tambaya ke sauya abin da shaida zai ce ya gani. Babin Freud yana littafi na biyu, zan sa masa alama a shafin.